Bashin Baba a Hannun Faransa

A unguwarmu ta Bilbis, nan cikin garin Tawa, ba a kiran mahaifina da sunansa. Soja ake ce masa, manya da yara. Yaran unguwa sun ɗauka mutum ne da ya kashe Jamusawa ba adadi a yaƙin Hitila, mu ƴaƴansa kuma ba mu musa ba, tunda abin yana ƙara mana kwarjini a dandali. Littafinsa na soja ba haka ya ce ba. Faɗan da Baba ya yi da bindiga a hannu bai cika wata guda ba. Sauran yaƙin, shekara huɗu da ɗoriya, a bayan waya mai ƙaya ya yi shi.

Ni tsohon mushen lakwal ne. Lokacin da ƙarfin Baba ya fara raguwa na riƙa zaunar da shi bayan la'asar ina ɗaukar maganarsa a kaset, shi kuwa yana yi yana mita, wai ina ɓata batir a kan abin da ya wuce. A ƙarshen 2024, da gidajen rediyo suka yi ta maganar cika shekara 80 da kisan Thiaroye, barikin nan na kusa da Dakar inda sojan Faransa suka harbe sojojinsu baƙaƙe da suka dawo daga yaƙi, ɗiyata ta tambaye ni ko kakanta yana wurin. Na ce mata a'a, amma saura ƙiris, kuma taurin kai a kan kuɗi ne ya hana shi shiga jirgin da ya kai mutanen can. Ta ce to in rubuta, kafin kaset ɗin su bi mai su.

A wani ƙauye na Adar aka haife shi, tsakanin duwatsu, gabas da Tawa. Iyayensa Azna ne, noma da farauta da tsafin gado. Tun 1919 Faransa ta kafa dokar ɗibar soja dole a ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka. Kowace shekara, bayan hatsi ya shiga rumbu, kwamandan zai aiko wa sarakuna yawan samarin da za su kawo, likitan Nasara ya duba haƙori da ƙirji da ƙafa, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya yi shekara uku. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa kowa ya san ɗan wa ake kaiwa gaban likita, ɗan wa ake turawa wurin dangi a Najeriya har ƙura ta lafa. Baba marayan uba ne, kawunsa ke riƙonsa, ba mai tsaya masa. Yakan ce, "Ni ƙuri'ata tun zauren maigari ta hwaɗi, ba gaban Nasara ba."

Uwarsa ta sayar da akuya ta yi masa guru da layu. Aka aske masa kai, aka ba shi jar hula da lamba. Yana barikin Yamai yaƙi ya ɓarke a Satumban 1939. Suka bi ta Doso da Gaya, suka hau jirgin ƙasa a Faraku zuwa Kwatano, daga nan sai teku har Marseille, sai barikin Fréjus inda ake tara sojan Afirka. Ɗan Adar da Bamoshe da ɗan Gini duk tirayar na Senegal ne, wato sojan ƙafa na Senegal, a bakin Faransa. Harshen bariki kuma Bambara ne da guntun Faransanci na oda, ga shi an rarraba mutanen Nijar cikin runduna daban-daban. Ya ce ya yi watanni bai yi hira da kowa ba, sai dai a ce yi, ya yi.

Ranar 10 ga Mayu 1940 Jamus ta afko. Zuwa ƙarshen watan rundunarsu tana bakin kogin Somme, wajejen Amiens, kuma ranar 5 ga Yuni Jamusawa suka ƙetaro da tankoki. Baba ba ya dogon bayani a nan. Ya ce sun shiga wani ƙauye, suka huda bangon gidaje suna harbi, jirage suna sukuwa daga sama da wata irin jiniya mai kashe gwiwa, har harsashi ya ƙare, wani hafsa ya ɗaga farin ƙyalle.

Abin da ya biyo bayan ƙyallen shi ne yake faɗa a hankali. Jamusawa suka ware su, fari gefe, baƙi gefe. An daɗe ana cusa wa sojan Jamus cewa baƙaƙen nan da adda suke yanka mutane, don haka duk wanda aka samu da adda a ƙugu, tasa ta ƙare. Aka jera baƙaƙe a jikin wata katanga. Shi kuwa a lokacin yana riƙe da gefe ɗaya na wani ƙyaure da suka cire suka ɗora wani laftana Bafaranshe mai rauni a ciki, wani baƙin soja da bai sani ba yana riƙe da gaba. Bajamushen da ke ba da oda ya dube su, ya dubi mai raunin, ya nuna musu hanya da bakin bindiga. Suka wuce ta gaban katangar. Ba su yi nisa ba bindiga mai ruwa ta fara a bayansu. "Ban waiga ba," in ji shi. "In na waiga mu zubda mutum." Can gaba ya yi tuntuɓe, ƙyauren ya karkace, sai na gaban ya ce a fusace, "Kai, riƙe da kyau mana!" Da Hausa. Baba ya ce, "Bahaushe na?" Ya ce, "Mutumin Buza." Rabonsa da jin Hausa tun Fréjus.

Na taɓa tambayarsa ko layun uwarsa ne suka fisshe shi. Ya ce waɗanda ke jikin katangar ma da layunsu.

Kuma ba a ƙauyen nan kaɗai aka yi haka ba. A Airaines, cikin wannan yankin, ranar 7 ga Yuni, Jamusawa sun harbe Kaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon, saboda ya ƙi yarda a ware shi daga sauran hafsoshi. A Chasselay, kusa da Lyon, ranakun 19 da 20 ga Yuni, an bindige tirayar bayan sun ajiye makami. Masana tarihi suna ƙiyasta baƙaƙen sojojin da aka kashe ta wannan hanya a makonnin nan tsakanin 1,500 zuwa 3,000.

Su da suka rage aka kora su a ƙasa, yadda ake kora garke zuwa kasuwar Badagishiri. Matan ƙauyuka suna ajiye bokitin ruwa a bakin hanya, masu gadi suna shurewa da takalmi. Wasu sojan Jamus kuma hoto suke ɗauka, musamman na masu tsaga a fuska. Aka kai su wani sansani cikin Jamus, amma ba su daɗe ba. Mahukuntan Jamus ba sa son baƙar fata a ƙasarsu: suna tsoron cututtukan ƙasashen zafi, suna kuma riƙe da haushin sojan Afirka da Faransa ta girke musu a bakin kogin Rhin bayan yaƙin farko. Don haka fursunoni farare aka bar su a Jamus, na ƙasashen mallaka kuma aka maido su sansanonin da ake kira Frontstalag a cikin Faransar da aka mamaye. A 1941 sun kusa 70,000, mafi yawa ƴan Arewacin Afirka. Léopold Sédar Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal daga baya, ya zauna a na Poitiers. Baba da ɗan Buza suka faɗa na Rennes, mai lamba 133.

In ka saurari kaset ɗin nan, rabinsu maganar abinci ce. Romo ne na wata saiwa da Turawa ke ba shanu, sai burodi guda a ce mutum kaza su raba. Su uku suka haɗa kwano: shi, da ɗan Buza, da wani Bazabarme daga wajen Doso mai jin Hausa kaɗan-kaɗan. Wuƙa haramun ce, da zare suke yanka burodin. In an yanka, ɗaya ya juya baya, a ɗora yatsa a kan yanki a ce "na wa?", ya faɗi suna bai gani ba. Ya ce ya ga ƴan gari ɗaya sun fasa wa juna baki a kan ɓawon burodi, amma su ukun nan ba su taɓa sa-in-sa a kai ba, kuma ba don sun fi kowa hali ba, don dai zaren da juya bayan. Sanyin farko, na 1940 zuwa 1941, ya kashe mutane da dama. Sukan haɗa barguna uku su kwanta a manne, ana juyin wanda zai shiga tsakiya.

Ɗan Buza almajiri ne, ya yi karatun allo mai nisa kafin a ɗebe shi, ya baro mata da jariri namiji. Layun Baba sun tafi ranar da aka tara tufafinsu aka turara don kashe ƙwarƙwata, sai ya rasa abin da zai kama. Yana ganin abokinsa da asuba yana dukan bango da tafi, yana shafa fuska, yana tsayuwa a ɗan lungun da ke tsakanin gadaje. Wata rana ya ce a koya masa. A can Rennes Baba ya haddace Fatiha da Ƙulhuwallahu, kuma taimama ya fara iyawa kafin alwala, saboda ruwan famfo yakan daskare. Har ya mutu, in mutane suna gardama a kan wane malami ya fi wane, sai ya ce shi malaminsa ɗaya ne, kuma yana kwance ƙasar Nasara.

Akwai abin da bai taɓa huce masa ba. Wani lokaci akan sami ɗan naman alade a cikin romo. Sabon musulmi, sai ya ture kwano. Ɗan Buza ya ce masa, "Ci abinka, lalura ta, Allah ya san halin da muke ciki." Baba ya ci. Shi mai ba da fatawar kuwa bai taɓa kaiwa baki ba, sai ya tsame ya zuba wa Baba, ya ce zuciyarsa ce ba ta ɗauka. Baba ya yi imani har ƙarshen ransa cewa wannan ɗan maiƙon ne ya raba mai rai da mamaci a tsakaninsu. Ni dai ina ganin tarin fuka ba ya tambayar abin da mutum ya ci, na kuma faɗa masa haka, bai karɓa ba.

Sauƙi ya zo ne da aka fara fitar da su aiki ƙungiya-ƙungiya: sarar itace, sauke kaya a tasha, aikin gona. An kai su gonar wata tsohuwa a ƙauyen Bretagne, wadda ita da maƙwabtanta ba ma Faransanci suke yi a tsakaninsu ba, yarensu daban. Ɗanta yana tsare a Jamus. Takan faki idon mai gadi ta ajiye musu madara da wata irin waina mai faɗi ta baƙin gari a bayan ɗakin shanu. Ga kuma matan birni da suka ɗauki fursunoni a matsayin ƴaƴan riƙo, suna aiko da wasiƙa da safa da sabulu, ban da ƙunshin da Croix-Rouge ke kawowa. Wannan ya sa ba a iya zagin Faransawa jimla a gaban Baba. Sai ya ce, "Wace Faransa? Ta tsohuwa mai nono ko ta masu takarda?"

Wasu sun gudu, kuma sau da yawa matan nan ne ke ɓoye su. Wasunsu sun shiga cikin ƴan gwagwarmayar daji, irin su Addi Bâ, ɗan Gini, wanda Jamusawa suka harbe a Épinal ranar 18 ga Disamba 1943. Baba bai gudu ba, kuma ba ya ƙawata dalilin. Ya ce baƙin mutum a ƙauyen Turawa ba shi da wurin sajewa, sannan ɗan Buza ya riga ya fara tari, ba zai iya tafiyar dare ba.

Abin da ya fi yi masa ciwo a zaman nan ya zo a 1943. Jamus tana buƙatar sojojinta a fagen Rasha, sai ta nemi gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗa kai da Jamus, ta ba ta hafsoshin Faransa su yi gadin fursunonin mallaka, gwamnatin kuma ta yarda. Ka wayi gari ka ga mai kaki irin naka, irin wanda kuka shiga rami ɗaya da shi a Somme, shi ne ke ƙirga ka da safe yana kai wa Bajamushe lissafi. Ya ce wasunsu ba sa iya haɗa ido da fursunoni. "Bajamushe abokin gaba na, in ya tsare ni, aikinai ya yi. Wanga hwa?"

A sanyin da ya biyo baya ɗan Buza ya kwanta. Jamusawa suna tsoron tarin fuka ƙwarai, sun sallami masu ita da yawa zuwa asibitocin Faransa, amma shi kafin a zo kansa jini ya riga ya fara fita. Ana biyan fursunoni ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan aikin da suke yi, shi kuwa ba ya shan taba, duk ya tara nasa ya ɗinke cikin ɗamara. Ya kira Baba ya ba shi ɗamarar da tasbaharsa. Saƙon mata: kada ta jira. Saƙon yaro kuma biyu ne, kada ya tashi bai san salla ba, kada ya tashi bai iya takardar Nasara ba, "don da takarda anka kawo mu nan, kuma ba mu san abin da ke cikinta ba." Wasu fursunoni ƴan Maroko ne suka yi masa wanka, wata ma'aikaciyar jinya ta ba da zanen gado aka yi likkafani. Baba yana sahun gaba, da Fatiharsa da mamacin ya koya masa.

Amurkawa suka shiga Rennes ranar 4 ga Agusta 1944. Ya yi mamakin ganin baƙaƙe a cikinsu suna tuƙa manyan motoci, ya gaishe su da Hausa da Bambara, ba wanda ya amsa. Murna ba ta daɗe ba. A kakar nan ne gwamnatin Janar de Gaulle ta fara janye baƙaƙen sojoji daga rundunarta tana maye gurbinsu da farare, tsoffin fursunoni kuma aka ce a kwashe su gida da gaggawa. Amma akwai lissafi a ƙasa: albashinsu na soja na duk shekarun da suka yi a tsare, da kuɗin sallama. Aka tara su a tashar jirgin ruwa ta Morlaix, aka ɗan ba su wani abu, aka ce sauran sai a Dakar.

Nan Baba ya toge. Shi da bai taɓa ɗaga wa kafaral murya ba, ya ce ba ya shiga. Hujjarsa ta ɗan kasuwar ƙauye ce: "Mutum shina gabanka, kuɗinka na hannunai, bai biya ba. In teku ta raba ku za shi biya?" Su kimanin 300 suka ƙi hawa. Bazabarmen nan abokin kwanonsu ya yi ta lallashinsa, ya ce shi ya gaji, ko ba ko sisi gida yake so. Suka yi bankwana a nan. Jirgin Ingilishi mai suna Circassia ya tashi ranar 5 ga Nuwamba 1944. Masu taurin kai kuma aka kwashe su zuwa wani ƙauye da ake kira Trévé, aka sake zagaye su da waya mai ƙaya har cikin Janairun 1945, wannan karon ba Bajamushe ko ɗaya a wurin. Mutanen ƙauyen ne suka riƙa miƙo musu abinci ta waya.

Circassia ya isa Dakar ranar 21 ga Nuwamba, aka kai mutanen barikin Thiaroye. Suka nemi kuɗinsu, suka ce ba za su watse ba sai an biya. Da safiyar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 ne suka mutu, wani rahoton soja ya ce 70, masana tarihi da dama suna cewa ɗaruruwa ne. An gurfanar da 34 daga waɗanda suka tsira aka ɗaure su, sai a 1947 aka sake su. Shekara 80 aka yi kafin wani shugaban Faransa, Emmanuel Macron, ya rubuta a Nuwamban 2024 cewa kisan kiyashi ne. Baba ya ji labarin ne a 1945, da nasu jirgin ya iso Dakar, a bakin masu dako, cikin raɗa. Ya yi cigiyar Bazabarme a can, ya yi a Doso a hanyar dawowa, ya sake yi shekaru bayan haka duk lokacin da ya haɗu da mutumin yankin. Ba wanda ya ce ya gan shi.

Shi kansa ba a cika masa kuɗinsa ba. A Faransa an ce Dakar, a Dakar an ce takardunsa za su biyo shi gida, a gida aka ce ai lissafin yana Dakar. Bayan abin da ya ji an yi a Thiaroye, bai ƙara toge wa kowa ba.

Ya iso ƙauye bayan damina. Tun 1940 ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Yarinyar da aka yi masa alkawari tana da ƴaƴa biyu a wani gida, kawu ya haɗe gonar ubansa da tasa. Uwarsa ce kaɗai ta ƙi yarda a yi masa makoki. Ta shafa fuskarsa, ta tambayi layun, ya ce wuta ta ci, ta ce to ai sun yi aikinsu. Da ta ga yana salla ba ta ce komai ba, sai dai ta daina kiransa in za a je wurin tsafi.

Ko ɗaki bai gyara ba ya kama hanyar Buza a ƙasa. Ya tarar matar tana nan tana jira. Shi ya kai mata labarin, ta shiga takaba a kan mutumin da ya kusa shekara biyu a kabari. Kuɗin ɗamara sun ragu wurin canji, ya cika daga nasa bai faɗa wa kowa ba, sai ni a kaset. Daga shekarar nan shi ke biyan lanhon gidan. Da yaron ya yi wayo ya roƙi dangi suka ba shi, ya kawo shi Tawa, safe lakwal, dare makarantar allo. Wannan yaron shi ne Yayanmu. Mun tashi muna ganinsa babban ɗan gida, shi ke raba mana nama, shi ke dukanmu, shi ya fara karanta wa Baba takardu kafin aiki ya ɗauke shi ni in gada. Sai ranar ɗaurin aurensa, da aka tambayi waliyyi Baba ya nuna wani tsoho daga Buza, sannan muka san ba cikin Inna ya fito ba.

An yi wa Baba tayin aikin gardi, kamar yadda ake yi wa tsoffin sojoji da yawa. Ya ƙi. Ko da yake dokar 11 ga Afrilu 1946 ta soke aikin tilas, gardi bai daina tsare mutane a kan lanho ba, shi kuwa ya ce ya ga tsaro ta ciki, ba zai yi shi ta waje ba. Ya yi masinja a wani ofishi, daga baya ya koma lambu, albasa da tumatir. Lokacin da masu ayyukan raya karkara suka zo suna raba waya mai ƙaya don shingen lambu, kowa ya karɓa ban da shi. Da ƙayar daji ya yi ta shinge har ya tsufa, awaki suna yi masa ɓarna, Inna tana faɗa. Ba ya ƙaunar haushin kare. In hunturu ya shigo barci yakan ƙaurace masa, sai ka fito fitsari ka gan shi a bakin murhu. Kuma kada Allah ya sa ya ga yaro ya yar da loma.

Duk 11 ga Nuwamba yakan sa lambobinsa ya je fareti tare da sauran tsoffin sojoji, ya dawo ya cire ya jefa cikin gwangwani. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, tsoffin sojoji sun yi murna, wai nasu ya hau, tunda shi ma ya yi sojan Faransa a Indochine da Aljeriya. Baba ya ce madalla, amma ba Kountché ke riƙe da kuɗinsa ba.

Ɗan abin da ake ba mai katin tsohon soja, sai da ya tsufa ya fara karɓa, sau biyu a shekara, kuma ba ya sayen buhun hatsi biyu. Dalili shi ne dokar da majalisar Faransa ta zartar a ƙarshen Disamban 1959, wadda ta daskarar da haƙƙin tsoffin sojojin ƙasashen da ke samun ƴanci a kan farashin lokacin, alhali na Bafaranshe yana hawa kowace shekara. Na sha raka shi Yamai da jakar takardunsa, mu kwana gidan dangi, mu yi sammako mu zauna a benci. Amsar ba ta canzawa: a rubuta, a jira. A mota in muna dawowa sai ya ce in sake yi masa lissafi, albashin soja na wata kaza sau wata kaza, a cire abin da aka ba shi a Morlaix. Nakan ce, "Baba, kuɗin nan ko an biya yau ba su sayen tunkiya." Sai ya ce, "Na ce maka tunkiya nika so? Rubuta."

Ya rasu ba da daɗewa ba bayan karyewar darajar sefa ta Janairun 1994. Sai ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta yanke, a shari'ar wani tsohon soja ɗan Senegal mai suna Amadou Diop, cewa bambancin nan ya saɓa wa doka, shi ma Diop ɗin ya riga ya mutu. An daidaita kuɗin masu kati a 2007, sauran fansho a 2011. A unguwarmu ba a sami ko mutum ɗaya daga ƴan yaƙin Hitila da ya kai lokacin ba.

Ranar rabon gado, bayan sadakar arba'in, malam ya lissafa gida da lambu da jaki da rediyo, ya tambaya ko mamaci yana bin wani bashi, ko ya bar wasiyya. Inna ta yi magana daga bayan labule ta ce akwai duka biyun. Yana bin Faransa albashin shekara huɗu, kuma ya ce in an biya, sulusi na Yaya ne, tunda shari'a ba ta ba shi gado ba. Wasu ƙannena suka fara dariya. Yaya, da furfurarsa, ya ce shi ya yafe nasa kason. Malam ya ce kai kana iya yafe naka in ya zo hannunka, amma bashin mamaci ba a share shi don wanda ake bi ya yi nisa, ya juyo wurina ya ce, "Mushe, nawa ne?" Na ɗauko lissafin ƙarshe da muka yi a mota na karanta masa. Ya rubuta da ajami a ƙasan jaki da rediyo, ya fitar da sulusin Yaya, ya fitar da tumunin Inna, ya raba sauran a tsakaninmu, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, shaidu suka sa hannu.